Yadda na rage yawan latsa waya

Matsalar ita ce wayar tana kusa da hannu. Sai na cire caja daga gefen gado na mayar da ita falo, da gajeriyar igiya, yadda ba za a iya caji ana latsawa a kwance ba. Don tashin Asuba, agogo mai batir ya wadatar.

Da rana tana cikin jaka mai zif. Na kashe buɗewa da yatsa, na sa lambobin sirri goma. Wahalar shigar da su kaɗai tana hana leƙen banza.

Kada dai ka sa ta shiru gaba ɗaya, fargabar rasa kira za ta riƙa mayar da kai gare ta. Bar ƙarar kira, kashe sanarwar WhatsApp da TikTok.