Yadda ake jinya bayan an cire babban hanji saboda ciwon gyambon hanji

Ciwon gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaratif kolaitis, yakan kai matsayin da magani ba ya riƙe shi: jini ya ƙi tsayawa, ko hanjin ya kumbura har ana tsoron ya fashe, ko gwaji ya nuna ciwon daji na neman shiga. A nan ne ake cire babban hanjin gaba ɗaya. Likita zai fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki, yawanci ta dama ƙasa da cibiya kaɗan, a manna jaka a wurin tana tara bayan gida. Wannan ƙofa ita ake kira sitoma. Wani zai zauna da ita har ƙarshen rayuwa, wani kuma na 'yan watanni ne kafin a haɗa masa hanjin da dubura.

Mutum yana rayuwa lafiya lau babu babban hanji, ya yi noma, ya yi kasuwa, ya yi aure. Sai dai babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishiri daga abin da aka ci kafin ya fita, kuma daga ranar aiki wannan nauyi ya koma kan majinyaci da masu kula da shi. A Sakkwato, inda zafin Maris zuwa Mayu yake wuce digiri 40, wannan ne abin da muka fi jin tsoro, ba ɗinki ba.

Mataki na 1: Kafin a bar asibiti

Washegarin aiki a tashi a taka, ko da daga gado zuwa ƙofar ɗaki ne. Tafiya tana tayar da hanji daga mutuwar da yake yi bayan tiyata, tana kuma rage haɗarin gudan jini a ƙafa, wanda masu wannan ciwo suka fi sauran mutane samu. Idan tari ya zo, a danne ciki da matashin kai. Kada a karɓi sallama sai majinyaci da mutum ɗaya daga gida sun canza jakar da hannunsu a gaban nas. Wanda zai koma Illela, Isa ko Tambuwal ya tafi da jakunkunan da za su kai shi ranar dawowa ganin likita har da rara, domin ba kowane kemis ke ajiye su ba. Ya riƙe takardar da aka rubuta irin aikin da aka yi masa, musamman ko an cire ƙarshen hanji na kusa da dubura ko an bar shi.

Mataki na 2: Ruwa da gishiri

A makonnin farko abin da ke fita ta sitoma ruwa-ruwa ne, kuma yakan haura lita ɗaya a rana. Sannu a hankali yana yin kauri kamar kunu, ya tsaya tsakanin mililita 500 zuwa 800. Kada a yi kirdado. A sami roba mai ma'auni, ko a yanke bakin gorar ruwa a yi mata alama, a riƙa auna duk abin da aka zubar ana rubutawa a takarda. Idan jimillar awa 24 ta wuce mililita 1,500, ko abin ya koma ruwa tsagwaro ya ƙi yin kauri, a nemi likita a ranar.

Kuskuren da aka fi yi yana fitowa ne daga tausayi. Ana ganin mara lafiya da ƙishi sai a yi ta ba shi ruwan randa kofi bayan kofi. Kowace lita da ta fita ta sitoma tana tafiya da gishirin da ya kusa ƙaramin cokali ɗaya. Ruwa zalla idan ya yi yawa a ƙaramin hanji, yakan jawo gishiri daga jiki ya fita da shi, sai jaka ta ƙara cika, ƙishi ya ƙaru, a ƙara shan ruwa. Haka mutum zai bushe alhali kofi na hannunsa. Lemon kwalba, zoɓo mai sukari da shayi mai zaƙi su ma suna ƙara gudun.

Abin da ke tsayawa a jiki shi ne ruwan gishiri da sukari, wato ORS ɗin nan da ake ba yara masu gudawa. A zuba ƙulli ɗaya cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu ta rabin lita. In babu, a haɗa a gida: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, kada a kwankwaɗe. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Wanda jakarsa ke cika da yawa, likita zai iya rage masa ruwa zalla ya ba shi haɗi mai gishiri fiye da wannan. A ƙara gishiri a miya, sai dai mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fara tambaya.

Fitsari shi ne mai ba da labari. Idan ya ragu, ya yi duhu, ga jiri in an miƙe, ga ɗaurewar tsokar ƙafa da bushewar baki, ƙoda ta fara wahala. Wanda ya sha ORS bai ga sauyi ba, ko amai ya hana shi sha, ƙarin ruwa yake buƙata a asibiti. Ko a hunturu kada a saki jiki, busasshiyar iska tana ɗebe ruwa ba tare da an ga gumi ba.

Maganar azumi ma nan take. Wanda bai daɗe da aiki ba, ko abin da ke fita bai daidaita ba, yini babu ruwa a zafin garin nan zai iya taɓa masa ƙoda. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame. A zauna da likita kafin watan ya kama, sannan a kai wa malami abin da likita ya faɗa.

Mataki na 3: Jaka da fatar da ke ƙarƙashinta

Sitoma mai lafiya ja ce, da danshi, ba ta jin zafi in an taɓa ta, kuma ɗan jini kaɗan lokacin gogewa ba komai ba ne. Idan ta yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, jini ba ya isa gare ta, a tafi asibiti nan take.

A zubar da abin da ke cikin jaka idan ta cika kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, domin nauyi yana ɓamɓare gam. A sauya ta gaba ɗaya duk kwana 3 zuwa 4, ko da zarar an ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙarƙashinta. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne da asuba kafin a ci komai, sa'ad da hanji ya lafa. A tanadi sabuwar jaka, almakashi, ruwan ɗumi, tsumma mai laushi da ledar shara. A ɓare tsohuwar daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya na danne fata. A wanke wurin da ruwa kawai, a bar shi ya bushe ƙarau. Man shafawa, basilin, man shanu ko sabulu mai maiƙo duk suna hana gam kamawa, gobe a wayi gari da yoyo.

Yankan ramin da sitoma za ta shiga a jikin sabuwar jaka shi ne wurin da ake yawan kuskure. Sitoma tana fitowa a kumbure, ta yi ta raguwa har mako 6 zuwa 8, saboda haka a auna ta kowane mako. Ramin ya fi ta da milimita 2 zuwa 3 kawai. In ya yi faɗi, abin da ke fita yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, zai ci fatar da ta rage a buɗe har ta saɓule. In ya yi ƙanƙanta, zai yanki sitomar. Bayan an manna, a dafa da tafin hannu kamar minti ɗaya, ɗumin hannu yana sa gam ya kama. Sauran jakunkunan a ajiye su a ɗaki mai sanyi, ba cikin mota ko kusa da rufin kwano ba.

Mataki na 4: Abinci

A mako 6 zuwa 8 na farko hanji a kumbure yake, hanya ta matse. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a tauna sosai. Tuwon shinkafa da miyar kuka, farar shinkafa, taliya, dankali, ayaba, burodi, ƙwai, kifi da nama mai laushi suna tafiya daidai, da yawansu ma suna ƙara kauri. Fura da nono babu laifi in an dama ta da kyau an tace.

Masu toshe hanya su ne abubuwan da haƙori ba ya gamawa da su: gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, kwakwa, goro, kilishi, ɓawon dabino, zaren mangwaro, totuwar lemo, ɗanyen kabeji da kwaɗon zogale. Bayan wata biyu a gwada su ɗaya-ɗaya, kaɗan, a jira kwana ɗaya a gani. Yaji da tsamiya suna sa gudu. Wake da albasa suna cika jaka da iska.

Idan ciki ya murɗa, sitoma ta kumbura, jaka ta tsaya babu komai ko sai ruwa mai wari, a dakatar da abinci, a sha abu mai ɗumi, a kwanta a naɗe gwiwa zuwa ƙirji, a shafa gefen sitoma a hankali. Kada a sha maganin wankin ciki, na bature ko na gargajiya, kada kuma a tura komai cikin ƙofar. Awa 6 babu fita, ko amai ya fara, sai asibitin da ke da likitan tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Mataki na 5: Magunguna

Wanda ya daɗe yana shan prednisolone, maganin rage kumburin hanji, kada ya yanke shi rana ɗaya don an cire hanji. Jiki ya saba, yankewa farat ɗaya tana iya faɗar da jini har a suma. Rage shi ake yi bisa tsarin likita. A guji magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, suna cutar da ƙodar da ruwa bai ishe ta ba. Loperamide, maganin rage gudawa, idan likita ya rubuta, ana shan sa kamar minti 30 kafin abinci. In aka ga ƙwaya ta fito cikin jaka yadda aka haɗiye ta, a faɗa, a sauya mata iri.

Mataki na 6: Komawa aiki da ibada

Mako 6 zuwa 8 kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, guga da taɓarya da goyon yaro duk su jira, in ba haka ba ƙaba ta fito a gefen sitoma. Hawa kabu-kabu a hanya mai gargada ma a ɗaga masa ƙafa. Salla a zaune har ɗinki ya yi ƙarfi, kuma a zubar da abin da ke cikin jaka kafin alwala don sujada ta yi sauƙi. Fitar da mutum ba ya iya riƙewa tana da hukuncinta na masu uzuri, malami zai yi bayani. Zazzaɓi, mugunya a ɗinki, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi ba sa jiran ranar asibiti.

Wanda aka bar masa ƙarshen hanji zai riƙa jin kamar bayan gida, majina ta fito ta dubura. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma ciwon zai iya ci gaba a wannan guntun, don haka ana duba shi lokaci-lokaci.

Mataki na 7: Idan za a haɗa hanji

Ana naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a yi aljihu mai siffar harafin J, a ɗinka shi da dubura, a bar shi ya warke kamar mako 8 zuwa 12 kafin a rufe sitoma. Macen da ke son haihuwa ta tattauna da likita tun kafin wannan aiki, domin tabon da yake bari a ƙugu yana iya rage ɗaukar ciki. Bayan rufewa za a riƙa zagawa sau goma ko fiye a rana, daga baya ya sauko zuwa 4 zuwa 8 cikin wata shida zuwa shekara. A yi tsarki da ruwa, a busar da wurin ba da gurzawa ba, a shafa man zinc oxide tun kafin fata ta fara ci. Idan zagawa ta ƙaru kwatsam, da murɗa, matsuwa ko jini, wataƙila aljihun ne ya kumbura, abin da ke samun kusan rabin masu shi a wani lokaci. Yawanci maganin kashe ƙwayoyin cuta, ciprofloxacin ko metronidazole, na mako biyu yana kwantar da shi, amma sai likita ya duba ya tabbatar shi ne kafin a fara sha.