Yadda za ka yi zanen bango a ƙaramin gari a Kebbi, ya kuma tsallake damina

Zanen bango da yawa a ƙananan garuruwa ba ya kai shekara, kuma abu biyu ne ke kashe shi: bangon da ba a duba lafiyarsa ba, da mutanen da ba a nemi shawararsu ba. Saboda haka ranar farko ta kallo ce, fenti ya zauna a mota.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya ɗauke, bango ya bushe. A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin Kebbi kan wuce digiri 40, fenti ya bushe a bakin burushi tun bai kama bango ba. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ka tashi, ka kuma yi tafiyar da rana.

Da ka sauka, ka zaga garin a ƙafa. Ka ga inda ake zama da yamma, bakin kasuwa, teburin mai shayi, hanyar makarantar firamare. Ka kalli zanen ƙofar tsofaffin zaure, domin maginan garin sun riga ka wannan aiki, kuma dagi da sauran sassaƙen da suka bari su ne abin da idon mutane ya saba da shi. Idan yankin Argungu ka nufa, ka shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ka kuma sauka Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi, ka ga gora da homa a hannun masunta. Wanda ya je Zuru zai tarar da wata al'ada dabam, ta Dakarkari da bikin Uhola, don haka zanen da ya dace da can ba lalle ya dace da Gwandu ba.

Izini yana farawa daga mai bangon, sannan mai unguwa, shi zai kai ka wurin dagaci ko hakimi. Ka tafi da zanen a takarda, da launinsa, ka ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke so mu yi, ko akwai abin da za a cire?" Mutane da yawa ba sa son siffar mutum ko dabba a bangonsu saboda addini, kuma kifi ma mai rai ne, sai ka tambaya. Zangarniyar shinkafa, kwalekwale, ƙwarya da dagi ba sa jawo magana. Kada ka rubuta aya ko sunan Allah a bangon da kwata ke bi ta gindinsa. Ka kuma guji haɗin launin da zai yi kama da tutar jam'iyya, in ba haka ba fasta za ta rufe aikin a kakar zaɓe.

Yanzu bangon kansa. Ka goga tafin hannunka: idan ya fito da farin gari, tsohon fenti ya mutu, sai an kankare da burushin waya an wanke. Ka ƙwanƙwasa da ɗan dutse; inda ya yi ƙarar rami, filasta ta saki bulo, dole magini ya fasa ya sake yaɓawa. Sabuwar filasta kuwa tana son kwana 28 kafin fenti, saboda siminti ɗanye yana ƙona launi ya bar farin tabo. Don gwada laima, ka manna leda mai faɗin rabin mita da salatif a ƙasan bangon ta kwana. Idan da safe ta yi gumi ta ciki, bangon yana shan ruwa daga ƙasa, ka nemi wani. Ɗaga kai ka ga inda indararo ke zuba, kada tsakiyar zanenka ya faɗa ƙarƙashinsa. Bangon da ke kallon arewa ya fi riƙe launi, na yamma kuma rana tana dukansa daga azahar har faɗuwarta, ja da shunayya su ne ke fara koɗewa.

Bangon laka yana da nasa hukunci. Fentin mai yana toshe shi, laima ta rasa hanyar fita, sai ya ɓare tare da yaɓen. Farar ƙasa da garin launi, a ɗan zuba jiƙaƙƙen ƙaro don ya kama, sun fi masa, kuma a san cewa sai an sabunta bayan damina. Ka nemi tsohon magini ya tsaya tare da kai, musamman idan makuba aka yi wa bangon, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.

Kayan aiki ka haɗa su tun daga Birnin Kebbi, domin shagon ƙaramin gari yakan tsaya a fari da ruwan madara. Ga bango mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 18, lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 8 a sumul ɗin bango, 5 ko 6 a mai kaushi. Ka riƙe galan mai lita 4 na fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara shafawa, lita 6 zuwa 8 na fari mai jure ruwa don shafi biyu, da lita ɗaiɗai na ja, rawaya, shuɗi da baƙi. Sai rola, burushi inci 1, 2 da 4, igiya, alli, tsani da bokitai. Gwangwanin fesawa yana da sauri, amma iskar hunturu tana kwashe rabinsa, kuma ba a barinsa cikin mota a rana domin yana iya fashewa. In za ka yi amfani da shi, ka rufe hanci, ka matsar da yara.

Wajen ɗora zane, ka yi shi a takarda santimita 60 da 30, ka raba ta gida-gida na santimita 5. A bango kowane gida ya zama santimita 50: ka shafa wa igiya alli, mutum biyu su ja ta, ka ɗaga tsakiya ka saki, layi zai fito. Ka cika manyan filaye tukuna, daga sama zuwa ƙasa, baƙin layi ya zo ƙarshe. Ruwan sirki kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Masu ƙara ruwa don fenti ya auku, su ne aikinsu ke wankewa a ruwan farko. Ka bar aƙalla awa huɗu tsakanin shafi da shafi, ka yi aiki daga bayan asuba zuwa hantsi, ka koma bayan la'asar. Idan ƙura ta taso ka dakata, domin tana mannewa a ɗanyen fenti.

Rabin mitar ƙasa ka yi mata launi mai duhu, ruwan ƙasa ko ja mai kauri, saboda nan ruwa ke fantsama, nan awaki ke goga jiki. Wannan ɓangaren ka ba yaran unguwa su shafa da hannunsu, su ne za su hana wani ya yi rubutu da gawayi a kai. Ragowar fentin ka zuba a robobi masu murfi, ka rubuta sunan kowane launi, ka bar wa mai gidan tare da burushi ɗaya don gyaran bayan damina.