Yadda ake zaɓen kayan haɗa babbar kwamfutar wasa karon farko a Damagaram

Yawancin jerin kayan da ake nunawa a YouTube an tsara su ne a ɗaki mai sanyi, a garin da ba a ɗauke wuta. Mu kuwa a Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, da hunturu ƙura ba inda ba ta shiga, wutar NIGELEC kuma ta tafi ta dawo ba sallama. Don haka tun kafin ka taɓa kuɗinka, ware kason abubuwa uku da mutane ke bari sai aljihu ya yi sanyi: alimantasiyo (na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta), kayan sanyaya da ondilar (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta). Abin da ya saura shi za a raba wa sauran kayan.

Fara da allo, domin shi ke faɗa maka irin katin hoton da kake bukata, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a allo. Allo mai inci 27, mai 2560 x 1440, mai gudun 165 Hz zuwa 240 Hz, shi ya fi dacewa da yawancin ƴan wasa. Allon 4K ya ninka shi ɗigon hoto fiye da sau biyu, kuma kowane ɗigo aiki ne a kan kati.

Katin hoto shi ke cinye kaso mafi tsoka. A kan allon 1440, RTX 5070 Ti na Nvidia ko RX 9070 XT na AMD sun wadatar. Kowannensu na da ma'ajiya gigabait 16, suna cin wuta wajen wat 300. Mai son 4K sai ya hau RTX 5080, mai cin wat 360. RTX 5090 kuwa, wanda ya fito a Janairun 2025 a kan dalar Amurka 1,999, gigabait 32 gare shi, amma wat 575 yake zuƙa, kuma duk wutar nan zafi take komawa ta zauna maka a ɗaki. In ba ka da kilim, tamkar ka kunna risho ne a gefen ƙafarka a tsakiyar bazara. Ban ga dalilin da mai haɗin farko zai kai kansa can ba. Katin gigabait 8 kuma a bar shi, ko da an karya farashi, sababbin wasanni sun fara fin ƙarfinsa. Kafin ka biya, duba tsawon katin: wasu sun haura santimita 33, ba kowane akwati ke ɗaukarsu ba.

Furosesa (mai yi wa kwamfuta lissafi) da kat-mer (babban faifan da ake jona duk kayan a kai) tare ake zaɓensu, domin mazauninsu, wato gurbin da furosesa ke zama, dole ya zo ɗaya. In wasa ne gabanka, Ryzen 7 9800X3D na AMD, wanda ya fito a Nuwamban 2024, shi ne zaɓin da ba a faɗuwa. Ƙwaƙwalwa 8 gare shi, da ma'ajiyar kusa mai megabait 96, abin da wasanni ke so ke nan. Mazauninsa AM5. Wanda ya gabace shi, 7800X3D, bai tsufa ba in an same shi da rahusa. Kat-mer samfurin B850 ta isa, ƙarin kuɗin X870 ba ya ƙara wa wasa gudu. Sai dai tsohuwar B650 da ta daɗe a shago tana iya ƙin gane Ryzen 9000, jerin da 9800X3D ke ciki, har sai an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin kat-mer, saboda haka nemi mai maɓallin BIOS Flashback, wadda ake sabuntawa da kile USB ko ba furosesa a kai. Mai son Intel, Core Ultra 200S a LGA1851 yake zama. A yi hattara da manyan na ƙarni na 13 da 14 na hannu: kamfanin da kansa ya amsa a 2024 cewa yawan wuta na lalata wasunsu, kuma sabunta BIOS ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace.

RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi: sanda biyu masu gigabait 16 kowace, DDR5-6000 CL30, a kwali ɗaya. Kada ka cika ramuka huɗu, a AM5 hakan kan tilasta rage gudu. Sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa, sannan ka kunna EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, a BIOS, in ba haka ba za su yi ta tafiya a 4800 alhali ka biya kuɗin 6000.

Wurin ajiya kuwa, SSD NVMe mai terabait 2, PCIe 4.0. Wasa ɗaya kan wuce gigabait 100, kuma wanda ya san kuɗin forfe ba zai so gogewa da sake saukewa ba. Na PCIe 5.0 ya fi zafi da tsada, a wasa kuma da ƙyar za ka ga bambanci.

Yanzu ga inda ake yawan asara. Lissafa wutarka: 9800X3D na iya kai wat 160, RTX 5080 wat 360, sauran kaya kamar 80, jimla wajen 600. Alimantasiyon wat 850 ke nan, wanda Nvidia ma ta ba da shawara, mai tambarin ATX 3.1 da 80 Plus Gold, daga sanannen gida irin Seasonic, Corsair ko be quiet!. Wanda ba a san asalinsa ba, an rubuta masa wat 1000 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ranar da ya tashi mutuwa yakan tafi da kat-mer da kati. Wayar 12V-2x6 da ke ba katin Nvidia wuta a danna ta har ta yi ƙas, kada a ga rata ko kaɗan, kada kuma a lanƙwasa ta dab da baki. In ba ta shiga duka ba, bakin kan yi zafi ya narke. Kuma kada a ari wayar wani alimantasiyo a sa wa wani ko da bakin ya shiga, jerin wayoyin ciki ya bambanta, nan take SSD na iya ƙonewa.

Ondilar ba a saye da lambar VA, awon ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa, kawai. Mai 1500 VA sau da yawa wat 900 zuwa 1000 yake bayarwa, duba takardar jikinsa. Nemi mai fitar da tsarkakakken sinis (wuta mai siffa irin ta layin NIGELEC), mai daidaita wuta in ta yi ƙasa, domin alimantasiyon zamani kan kashe kansa a kan mai arha daidai lokacin da wuta ta ɗauke. Haka ma in da sola ko gurup kake aiki. Aikin ondilar ya ba ka ƴan mintuna ka kashe na'ura lafiya, ba ka ci gaba da wasa ba. In ka taɓa akwati ka ji yana ɗan jan hannu, gidan ba shi da wayar ƙasa, kira mai gyaran wuta.

Wajen sanyaya, in ɗaki ya ƙaru da digiri 15, furosesa ma kusan haka zai ƙaru, kuma a digiri 95 Ryzen ke rage gudu da kansa. Na fi son abin sanyaya furosesa na iska mai hasumiya biyu, irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Noctua NH-D15, a kan na ruwa. Famfon na ruwa in ya mutu sai an jira wani daga nesa, fanka kuwa ana samun madadinta. NH-D15 tsayinsa santimita 16.5, a gwada da faɗin akwati. Akwatin ya zama mai raga a gaba, ba gilashi ba, fanka uku na shigo da iska, ɗaya na fitarwa, don iskar ciki ta riƙa tura ƙura waje ta ramuka. Ɗora shi a tebur, ba a ƙasa ba. Da hunturu a wanke matatar ƙura duk mako biyu, in ana hura iska a riƙe fankar da yatsa.

Ko daga Yamai, ko Kano, ko Dubai kayan za su zo, lambar jikin kati ta yi daidai da ta kwali, na hannu kuma a gwada shi da GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, da wasa mai nauyi na rabin awa kafin a biya. A sa kowane abu a kwalinsa. Na'urar da aka haɗa aka ɗora a mota, nauyin kati kan tsage raminsa a gargada. Kayan Kano da filogi mai baki uku suke zuwa, canza wayar gaba ɗaya, kada ka dogara da adafta mai arha.

Ranar haɗi, musamman da hunturu da jiki ke tara wuta, taɓa ƙarfen akwati kafin kowane kaya. Allurorin AM5 a kat-mer suke, yatsa kada ya kusance su. Ɓare ledar gindin abin sanyaya kafin ka shafa man zafi. Fara kunnawa a kan kwalin kat-mer kafin a shiga akwati, wayar allo kuma a jikin katin hoto take, ba a kat-mer ba. Kunnawar farko allo na iya yin baƙi na ƴan mintuna yayin da ake daidaita DDR5, kada ka kashe, jira.