Yadda ake yin arancina, curin shinkafar da Palermo ke soyawa ranar Santa Lusiya

A ranar 13 ga Disamba ta kowace shekara, mutanen Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, ba sa cin burodi kuma ba sa cin taliya. Rana ce ta tunawa da Santa Lusiya, wata Kirista 'yar garin Sirakusa na wannan tsibiri, wadda aka kashe a shekarar 304 saboda addininta. Labarin da ake bayarwa a birnin shi ne, a shekarar 1646 yunwa ta tsananta, sai ga jirgin ruwa maƙare da alkama ya shigo tasha, mutane kuwa ba su iya jiran niƙa ba, suka dafa alkamar da ƙwayarta suka ci. Har yau ana dafa alkama haka a wannan rana, a haɗa ta da cukun rikota da sukari, ana kiranta cuccìa. Amma abincin da ya mamaye ranar, wanda ake bin dogon layi a shaguna dominsa, gidaje kuma suke kwana shirinsa, shi ne arancina: curin shinkafa mai launin za'afaran, da nama a cikinsa, an tsoma shi a ƙulli, an birkiɗa shi a garin burodi, an soya shi cikin mai mai yawa.

Sunan yana nufin ƙaramin lemo, domin kamarsa da lemon zaƙi a girma da launi, kuma ana furta shi daidai yadda Bahaushe zai karanta shi. A Palermo ana yin sa zagayayye a kira shi arancina, a Kataniya da ke gabashin tsibirin kuwa arancino ake cewa, a yi masa tsini a sama, wanda ake kwatanta shi da dutsen Etna mai aman wuta da ke kusa da birnin. Ana danganta shinkafa da za'afaran na girkin tsibirin da zamanin Larabawa, waɗanda suka shigo daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau a shekarar 827, suka ci Palermo a 831, mulkin Musulmi kuma bai gama ƙarewa a Sisili ba sai 1091. Na Palermo zan koyar a nan, mai nama, wanda 'yan birnin ke kira accarne.

Domin curi goma ana buƙatar shinkafa giram 500, romon nama ko ruwa lita 1 da mililita 200, bota giram 50, gurzajjen busasshen cuku giram 80, ɗan za'afaran da gishiri. Haɗin ciki yana buƙatar niƙaƙƙen naman sa giram 300, albasa ɗaya, ƙaramin karas, sandar seleri ɗaya (wani ganyen miya ne mai ƙamshi da dogon kara), tumatirin gwangwani mai kauri cokali uku da koren fis giram 100. Sai fulawa giram 200, garin busasshen burodi kimanin giram 300, da man suya wanda bai gaza lita ɗaya da rabi ba. A Sisili gidaje da yawa suna haɗa naman sa da na alade, suna kuma zuba ɗan ruwan inabi mai sa maye a miyar. Naman sa zalla da romo mai kyau sun wadatar, kuma haka nake yi.

Da nama ake farawa, kuma kwana ɗaya kafin ranar suya. A yayyanka albasa da karas da seleri ƙanana sosai, a soya su a man zaitun kan wuta kaɗan har su yi laushi, a zuba naman a yi ta farfasa shi da cokali har ya canza launi. A dama tumatirin da romo kofi ɗaya a zuba, a sa gishiri da masoro, a rufe a bar shi ya yi awa ɗaya yana dahuwa a hankali, sannan a zuba fis a mintuna goma na ƙarshe. Abin lura ɗaya ne: wannan ba miyar da ake zubawa kan abinci ba ce. Dole ruwanta ya ƙone har idan aka ja cokali a tsakiyar tukunyar a ga ƙasanta ya daɗe a buɗe. Mutanen Sisili suna amfani da strattu, tumatirin da ake shanya shi a kan katako cikin ranar bazara har ya yi kauri kamar yumɓu, shi ya sa haɗinsu ba ya tsinkewa. Ba na sa tafarnuwa, ba na sa attaruhu, domin duk suna danne ƙamshin za'afaran, wanda shi ne mafi tsada a cikin wannan girki. A juye haɗin a kwano, ya huce, ya kwana a firij.

Yanzu ga shinkafa, kuma a nan ne kusan duk wanda na gani yana koyo yake faɗuwa. Dalilin ba rashin iya girki ba ne. Hannun da ya saba da dafa shinkafa ta fito warara yana da halaye uku: ya wanke ta sau da yawa har ruwan ya yi fari tas, ya tafasa ta ya tsiyaye ruwan farko, kuma ya zaɓi doguwar shinkafa wadda ba ta manne wa juna. Waɗannan halaye uku, da suke abin yabo a wani girkin, su ne suke rusa arancina, domin abin da ke riƙe curin shi ne sitacin da ke jikin ƙwayar, kuma duk ruwan da aka zubar ya tafi da shi. Wanda kuma ya gane haka sai ya wuce gona da iri, ya cika ruwa, ya yi ta tuƙi har ta zama tuwo. Abin da ake nema yana tsakanin biyun: ta yi danƙon da za ta riƙe kanta, amma idan an gutsura a ga kowace ƙwaya daban.

Saboda haka a nemi gajeriyar shinkafa mai ƙiba. A Italiya ana amfani da irin su Roma, Originario da Arborio. Inda ba a samun su, ko kuɗinsu ya yi yawa, shinkafar tuwo ita ce ta fi kusa da su, sai dai tana saurin caɓewa, don haka a rage mata ruwa da kimanin mililita 100. Basmati ba ta yi sam, kada ma a gwada. A tsince shinkafar da kyau a tire. Idan tana da ƙura har dole sai an wanke, to a ɗauraye ta sau ɗaya da sauri, ban da cuɗawa.

A ɗora romon da gishiri da bota, idan ya tafasa a zuba za'afaran da aka jiƙa a ruwan ɗumi, sannan a zuba shinkafar gaba ɗaya. A juya sau ɗaya, a rage wuta sosai, a rufe. Bayan kimanin minti 15 ruwan zai tsotse. Ba a tsiyaye komai, ba a kuma ƙara ruwa don an ga ƙwayar tana da ɗan ƙarfi a tsakiya, domin wannan ƙarfin shi ake so: shinkafar za ta ci gaba da nuna da zafin jikinta, kuma akwai wata wutar tana jiran ta a cikin mai. A sauke, a zuba cukun a gauraya. Mutanen tsibirin suna sa caciocavallo ko pecorino, amma duk busasshen cuku mai gishiri zai yi. Game da za'afaran, na san tsadarsa tana sa mutane su koma ga kurkur. Rabin ƙaramin cokali na kurkur zai ba da launin, kuma ban ga laifin hakan ba a ranar koyo, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne, kuma idan ya wuce wannan ma'auni ɗacinsa yana fitowa. Ƙwai kuwa ba na sa shi a shinkafar. Akwai masu sawa don ya ɗaure ta, amma shinkafar da aka dafa daidai ba ta buƙatarsa, wadda aka ɓata kuma ƙwai ba ya gyara ta.

Daga nan sai shanyawa. A juye shinkafar a babban tire, a baje ta kauri bai wuce yatsu biyu ba, domin tururin ya fita da wuri. Da zarar ta huce, a rufe ta da leda a manne a jikinta don kada samanta ya bushe, a sa a firij aƙalla awa huɗu, kwana kuwa ya fi. Kada a bar dafaffiyar shinkafa ta kwana a waje, musamman a lokacin zafi, domin tana iya jawo ciwon ciki ko da an sake soya ta. Karon farko da na yi wannan girki, wannan matakin na tsallake. Baƙi suna hanya, shinkafar tana da sauran ɗumi, naman ma haka, na mulmula na jefa a mai. Curin farko ya tsage kafin minti biyu, ruwan miyar ya haɗu da mai, man ya yi ta tartsatsi, fis yana yawo a sama, kuma man da ya gurɓata ya ƙona sauran da suka biyo baya. Abin da ke faruwa shi ne, sitaci ba ya ɗaurewa sai ya yi sanyi, botar da cukun ma sai sun daskare suke riƙe ƙwayoyin, tururin da ya rage a ciki kuma yana neman hanyar fita da zarar ya ji zafi. Gwajin da nake yi kafin in fara mulmula shi ne in jiƙa hannu, in damƙi shinkafar in matse, in buɗe. Idan ta tsaya da shatin yatsuna kuma ba ta manne a tafin hannu ba, ta yi. Idan ta wargaje, an wanke ta da yawa ko ruwan ya yi kaɗan, kuma ana iya ceto ta da ƙarin gurzajjen cuku da matsa mai ƙarfi. Idan ta manne kamar ƙulli, ruwa ya yi yawa, sai a mayar da ita firij a buɗe na awa biyu, a kuma rage girman curin.

Wajen mulmula, a ajiye kwanon ruwa kusa don jiƙa hannu kowane lokaci. A ɗebi shinkafa kimanin giram 130, a cire kashi ɗaya cikin uku a ajiye gefe, sauran a baje shi a tafin hannu a lotsa tsakiyarsa ya zama kamar ƙoƙo, bangonsa ya kai kaurin yatsa ɗaya. A zuba cokali ɗaya na naman mai sanyi, cokali ɗaya kawai, domin kwaɗayin cika ciki shi ne kuskure na biyu da ya fi yawa. A rufe da shinkafar da aka ajiye, a matse da hannu biyu da ƙarfi ana juyawa har ya zama zagayayye. Idan aka ga jan miya ya leƙo ta wani gefe, a liƙe wurin da ƴar shinkafa nan take, domin ta nan zai fashe. Masu son cuku mai narkewa suna iya saka ɗan gutsure a tsakiyar naman. A jera su a tire su yi rabin awa a firij.

A dama fulawar da ruwa mililita 300 da ɗan gishiri har ƙullin ya yi sumul ba gudaji, kaurinsa ya zama yana rufe bayan cokali amma yana zuba. A tsoma kowane curi ya rufu ko'ina, a ɗaga ya tsane, a birkiɗa shi a garin burodi ana dannawa da tafin hannu. Wannan ƙullin shi ne katangar da ke hana mai shiga, don haka kada a bar ko tabo ɗaya a buɗe. Garin burodin da aka busar aka daka a gida aka tankaɗe ya fi na leda, ya kuma fi sauƙin kuɗi.

Suya ba ta da wuya idan an kiyaye abin da ya gabata. A yi ta a tukunya mai zurfi, ba a kasko ba, man ya shanye kan curin gaba ɗaya. Man gyaɗa yana da kyau ƙwarai domin yana jure zafi. Zafin ya kai digiri 175, ko kuma a jefa ɗan garin burodi a ga ya taso nan da nan yana kumfa ba tare da ya ƙone ba. A saka biyu ko uku a lokaci guda, kada a taɓa su a minti biyu na farko, kuma cikin minti biyar ko shida za su yi ja kamar ɓawon lemon da ya nuna. A tsame da matsami, a ɗora a kan takarda mai shan mai, a jira man ya sake ɗaukar zafi kafin a saka na gaba.

A bar su minti biyar kafin a ci, domin zafin ya ratsa har cikin naman. A Palermo da hannu ake cin arancina, ba a haɗa ta da wata miya. Wanda yake son ɗaya nau'in da ake yi a ranar, abburro, sai ya maye gurbin naman da cuku mai narkewa da farar miyar madara da bota mai kauri, ya mulmula shi da ɗan tsawo kamar ƙwai don a bambanta su a tire. A can suna ƙara masa yankakken naman alade, a madadinsa kuma dafaffen naman kaza yana yi. Waɗanda suka rage a sa su a firij, washegari a ɗumama su a oben na minti goma sha biyar, kada a mayar da su cikin mai.