Yadda za a haɗa ma jikokin nesa ɗan littafin kaka

Mu mutanen Tawa kusan kowane gida akwai ɗiyan da aka haifa a Abijan ko Kwatano, kakarsu sai a foto suka san ta. To ga dabara, ba ta da tsada.

Da farko ka sayi kaye mai shafi 100 da bik, sannan ka samu kaka bayan isha'i ta ci ta huta, kar ka je lokacin da take lazimi don wallahi ba za ta kula ka ba. Ka kunna rikoda na salula ka ce Inna a ba mu gatana, Gizo da Ƙoƙi ko labarin aurenta ko yadda suke zuwa ɗiban ruwa suna 'yan mata, ka barta ta yi ta zuba kar ka katse ta ko ta saki hanya, nan ne daɗin yake.

Washegari ka saurara ka rubuta yadda ta faɗa da Hausarta ta Adar, banda gyara. Shafi guda labari, shafi guda foto, a wanko su wajen mai foto a manna. Yaran da lakwal ta sa Faransanci ya fi ƙarfi a bakinsu a ɗan sa masu fassara daga ƙasa.

Ka bar shafuka biyar na ƙarshe fayau su zana ma kaka wani abu.

Sai aikawa, a ba matafiyi amintacce, muryar kuma a tura ta WhatsApp su riƙa ji suna bin rubutun da yatsa.