Yadda ake fitar da da'ira sumul kewaye da ɗigo a QGIS

Duk mai zana taswirar kiwon lafiya a nan jihar Tawa ya san tambayar da ake fara yi masa: garuruwa nawa ne ke cikin kilomita 5 daga CSI, wato ƙaramin asibitin karkara? Amsar tana cikin da'irar da za ka zagaye asibitin da ita, wadda manhajar zana taswira ta QGIS ke kira Tampon a Faransanci. Sai dai in ka bar saitin yadda ya zo, matso da taswirar kusa ka gani: gefen duk kusurwoyi ne kamar kan noti.

Kafin ka kai ga kusurwoyin, duba ma'aunin fayil ɗinka. Ɗigon da aka ɗauko da GPS ko waya galibi a ma'aunin taswira mai lamba EPSG:4326 suke, wato da digiri ake lissafinsu. Digiri ɗaya kuwa wajen kilomita 111 ne. Ka rubuta 5 a haka, da'irarka ta haɗiye Tawa ta tsallaka Najeriya da Mali. Saboda haka nemi Reprojeter une couche ka juya fayil ɗin zuwa UTM, ma'aunin da ke aiki da mita, kowane yanki da lambarsa. Yamai da birnin Tawa suna EPSG:32631. Amma layin digiri 6 na gabas ya ratsa jiharmu, don haka Abalak ta faɗa 32632, tare da Maraɗi da Damagaram. Juyawa ta gaske nake nufi, wadda ke ba ka sabon fayil. In sunan ma'aunin kawai ka sauya a jikin tsohon, ɗigonka za su ɓace daga inda suke.

Akwai masu ɗaukar ma'aunin EPSG:3857 don sun ga shi ma mita ne. Ni ba na yarda da shi wajen awo. A daidai inda Tawa take, kilomita 5 ɗinsa bai wuce 4.8 da ɗoriya ba a ƙasa.

To, yanzu shiga Vecteur, sai Outils de géotraitement, sai Tampon. A wurin nisa sa mita 5000. Ƙasa da shi akwai Segments, an rubuta 5, kuma nan ne maganar take. Wannan lamba tana nufin gaɓoɓin da za a jera a kowane rubu'in da'ira. Biyar sau huɗu, gefe 20 ke nan. Kusurwoyin suna zaune daidai kan mita 5000, amma tsakiyar kowane gefe ta shigo ciki da mita 62 ko kusa da haka. Ƙauyen da ke bakin iyaka yana iya faɗawa wannan ratar, a lissafa shi cikin waɗanda asibiti ya yi wa nisa alhali yana ciki. Faɗin filin ma yakan ragu da fiye da kashi 1.5 cikin 100.

Ni 36 nake sawa. Gefe 144 ke nan, ratar ta koma mita ɗaya da ƴan kai, GPS ɗin waya ma kuskurensa ya fi haka. In taswirar babba ce ta mannawa a bangon ofis, sa 90. Wuce nan wahalar da kwamfuta ne kawai, balle in rijiyoyi dubbai kake zagayewa kuma wutar NIGELEC na iya ɗaukewa a tsakiyar aiki.

Kada ka bi tsohuwar da'irar da Lisser, kayan aikin daidaita layi na QGIS, don ta yi santsi. Aske kusurwoyi yake yi, ga shi su ne kaɗai ke kan daidai, sai ta ƙara tsukewa. Goge ta ka sake.

Akwatin haɗe sakamako da ke cikin Tampon kuma ya danganta da tambayar. In kowace CSI ake so a san garuruwanta, bar shi ba alama. In jimillar gunduma ake so, danna shi, in ba haka ba ƙauyen da ke tsakanin asibiti biyu zai shiga lissafi sau biyu. Daga nan ka adana a fayil irin na GeoPackage, don fayil ɗin wucin gadi yana tafiya da zarar ka rufe QGIS.