Tabon ruwa a jikin mota: yadda ake fidda shi da yadda ake hana shi dawowa

Wallahi abin nan yana ci mini rai, ka ga mutum da mota mai kyau baƙa wuluk amma kapo, wato murfin inji, da rufi duk sun yi ɗige-ɗigen fari kamar an yayyafa musu ruwan toka. Ni ma ya same ni bara cikin watan Afrilu, na kai mota wurin wanki da rana tsaka, yaro ya wanke ta tas ya barta a rana ya tafi wanke wata, kafin ya dawo da tsumma ruwan ya bushe. Da na iso gida na duba ta da hasken yamma, sai ga zobe-zobe ƙanana ko'ina, na goge na goge sun ƙi fita.

To ba datti ba ne. Ka duba cikin butar da kake dafa shayi, wannan farin da ke kamawa a gindinta, shi ne dai. Ruwan rijiya da na foraj, wato rijiyar burtsatse, har na famfo suna ɗauke da gishirin ƙasa, kalsiyam da magneziyam, ruwa ya tashi ya bi iska su kuma su zauna kan fenti. Zafin Maradi kuwa kun san shi, Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, ƙarfen mota ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, sai ya gasa abin ya fara cin wannan fatar mai sheƙi da ke saman fenti. Ruwan sama na farko ma haka yake, yayyafi kaɗan ya haɗu da ƙurar da ke iska ya bar maka tabo.

Farko ka wanke motar a inuwa, jikinta a sanyaye, ka ɗora bayan hannunka a kapo in da zafi ka jira. Ka goge ta bushe sannan ka shafa wurin da yatsa. In ka ji ɗan kaushi-kaushi to abin yana sama ne, aikin mai sauƙi ne. Samo binegar fara, irin wadda mata ke sa wa salak, ka haɗa rabi da rabi da ruwan da ba shi da gishiri, wato ruwan nan da ake ƙara wa batir. Don Allah ka tambayi mai shago da kyau, akwai na asid akwai na ruwa zalla, na asid ɗin in ya taɓa fenti an gama. Ruwan da ke ɗiga daga kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ma yana yi in ka tare shi a roba mai tsabta ka tace. Ka jiƙa tsumma mai laushi ka shimfiɗa kan tabon minti 1 zuwa 2, kar ka bari ya bushe, ka shafa a hankali ba dirza ba, ka ɗauraye da ruwa da yawa ka goge. In bai fita duka ba ka sake, amma ka fara gwadawa a wani lungu tukunna kamar ƙasan ƙofa. Gilashi ma haka ake masa. Sai dai ka sani binegar tana cinye man sheƙi da ke jiki, dole ka sake shafa wani bayan ka gama.

In kuma ka shafa ka ji sumul amma zoben yana nan, to ya riga ya ci ciki, ko ka ƙarar da kwalba ba zai fita ba. Wannan sai folish, shi ke ɗan kankare saman fatar har ta daidaita. Ƙaramin wuri za ka iya da hannu, in ya cika kapo da rufi ka kai wa mai fenti da ya iya inji, kuma ka ce masa ya fara da mai laushi, don fatar nan siririya ce ƙwarai, duk folish ɗaya rage ta yake kuma ba ta tohowa. Soson ƙarfe, toka, yashi, isansi wato fetur, kar ka yarda kowa ya kusanto da su.

Hanawa kuwa magana ɗaya ce, kada ruwa ya bushe da kansa a jikin motarka. Wanki da sassafe ko bayan la'asar, daga rufi zuwa ƙasa, ka wanke ɓangare ka ɗauraye ka wuce, ka gama ka bi da busasshen tawul nan take, irin mai laushin nan maikurofaiba, ba tsohuwar riga ba. Ka buɗe ƙofofi ka goge bakinsu da ƙarƙashin madubi, nan ruwa ke ɓuya sai ka tashi mota ya zubo ya ja layi. Omo da sabulun kwanoni a bar wa kicin, suna wanke man sheƙi, sayi sabulun mota. Lokacin hunturu kuma kar ka goge ƙura a bushe, watsa ruwa tukun. Man sheƙi ka shafa duk wata 2 ko 3, musamman kafin damina ta kama a Yuni, za ka ga ruwa na dunƙulewa yana gangarewa.

In a wurin wanki ne, ka tsaya kusa ka ce wa yaron ƙanena goge min ita yanzu kafin ka kama wata, ka ɗan ƙara masa na goro. Ni tun daga lokacin tawul biyu nake ajiyewa cikin but a leda, ko yayyafi anka yi ina kasuwa, ina isa gida nake ɗauraye ta in goge.